Hannun Dama da Hannun Hagu

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban Kurciya da yara duka. Yaya ƙafar da kike kuka da ita? Yaya 'yata Kurciya da jikin nata? Ki shafa mini kanta, ki ce mata Anti Auta ba ta manta da fensiran zanen ba.

Yaya, nemi kujera ki zauna kafin ki ci gaba, don na san ki, a tsaye kike karanta wasiƙa, hannu ɗaya na juya tukunya. Man bai rabu ba! Na san za ki ce wane mai kuma, yarinyar nan ta fara. To bari in kwance miki zancen daga tushe, tunda duk zuwan da na yi gida kina tambayata abin da nake yi a wurin aiki, ni kuma ina ce miki haɗe-haɗe ne kawai.

Shekaru ke nan muna fama da wani sinadari. Sunan danginsu retinoyid, 'yan uwan bitamin A ne. Aikinsa shi ne ya ladabtar da fata, wadda take tara ɓawo ta ƙi zubarwa ya sa ta riƙa sakin tsohon a kan lokaci. An daɗe ana shan irinsa a ƙwaya, amma na shan yana wahalar da jiki, ba a son a ɗora yaro a kansa shekara da shekaru. Mu so muke mu sa shi cikin man shafawa, ya yi aikinsa a kan fata ya tsaya nan, kada ya zarce cikin jini. Faɗar ce da sauƙi. Ban taɓa ganin abu mai tsirfa irin sinadarin nan ba. Ba ya son haske, ba ya son iska, ba ya son zafi. Saboda shi aka cire fararen ƙwayayen lantarki a ɗakin haɗinmu aka sa masu ruwan ɗorawa, aka liƙe tagogi. Baƙo in ya leƙo sai ya ɗauka shawara ce ta kama mu gaba ɗaya.

Duk haɗin da na yi, sai mu ɗura shi a bututun alminiyom irin na man goge baki, mu ajiye a wani akwati mai zafi da gumi, mu ga ko zai jure irin zaman da zai yi a kanti ko a ɗakin mutane. Na daina ƙirga sau nawa na buɗe akwatin nan na tarar da abin ya tsinke kamar madarar da ta lalace, ruwa gefe, mai gefe. Wani lokaci man yana nan sumul, amma in an auna sai a ga maganin ya mutu a ciki. Akwai ranar da na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska na dawo, ba wanda ya sani sai ke yanzu.

Wannan karon wata da watanni yana cikin akwatin. Da na matso shi a kan farantin gilashi, sai ya fito lumui. Aka auna, maganin yana nan da ransa. Shugabanmu Farfesa, mutumin da yabo ke yi wa nauyi a baki, ya daɗe yana kallon sakamakon, ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya ce ba laifi. Yaya, a wurin nan ba laifin Farfesa ya fi guɗar wasu. Da na fito baranda sai da na yi tsalle, ni da girmana, mai shara tana kallona.

Daga nan abubuwa suka yi ta bin juna. Mun gwada shi a kan gutsattsarin fatar da ake samowa daga ɗakin tiyata da yardar masu ita, muka ga yana shiga daidai inda muke so, kaɗan ne ƙwarai ke wucewa ƙasa. Sannan aka liƙa shi a bayan manya masu lafiya da suka ba da kansu, ba abin da ya same su sai ɗan ja da saɓa. Yanzu kwamitin da ke kula da haƙƙin marasa lafiya ya ba da izini a gwada shi a kan masu ciwon da aka yi shi dominsu.

Kin san wane ciwo ne, ko sai na faɗa? Masu fatar da ke yin ɓawo tun daga haihuwa, tana tsagewa a gwiwa da gwiwar hannu. Tun ranar da aka ba ni aikin nan nake ɓoye miki, don kada in sa miki rai a kan abin da yake tsinkewa a akwati. Amma duk haɗin da na auna, ke nake gani kina jiƙa Kurciya a baho safe da yamma, kina murza mata mai, kina kakkaɓe zanin gadonta kafin ƙannenta su tashi su gani.

Ga kuma na ƙarshe. An zaɓe ni cikin masu gudanar da gwajin. Zan fita daga ɗakin haɗinmu mai ruwan ɗorawa in koma asibiti, ni zan riƙa miƙa wa iyaye man ina koya musu yadda ake shafawa, kuma sunana zai fito a rahoton. Ni Auta, da kike cewa ko shayi ban iya haɗawa ba. Kada ki gaya wa Kurciya komai tukuna. Ki dai taya mu da addu'a.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Ki ce wa Kurciya zanen kyanwar da ta aiko yana manne a jikin firijina, kowa ya shigo sai ya tambayi wa ya yi.

Na karanta wasiƙarki na sake karantawa, musamman inda kika ce in jefa bututu ɗaya a jakata, wa zai sani. Yaya, ba zan iya ba. Na san ranki zai ɓaci, kin goya ni kin yi mini komai, yau abu ɗaya kika roƙa. Amma har yanzu ba mu san abin da man nan zai yi wa yaro ba in aka shafe masa jiki da shi wata da watanni. Yaran da ke cikin gwajin ana ɗibar jininsu, likita na duba su a kai a kai. In na aiko miki a ɓoye wani abu ya faru, wa zai duba ta? Tun kafin ki roƙa ma na je na sami Likita, wadda ke shugabantar ɓangaren fata, na tambaye ta ko za a sa Kurciya ta ƙofar gaba. Ta ce doka ta hana, ɗan uwan duk wanda ke cikin masu gwajin ba ya shiga, don kada son zuciya ya karkata awo. Da ƙyar na haƙura. Ki yi haƙuri, in gwajin ya yi kyau ai kowa zai samu.

Bari in ba ki labarin yadda muke yi, ko ya ɗan sanyaya miki rai. Kowane yaro ana ba shi bututu biyu, iri ɗaya sak, ɗaya an rubuta dama, ɗaya hagu. Ɗaya yana da maganin, ɗayan mai ne zalla, launi ɗaya, ƙanshi ɗaya. Wani nasa maganin yana dama, wani yana hagu, kuma daga ni har Likita har Farfesa ba wanda ya san wanne ne wanne. Dabarar ita ce hannun yaro ɗaya ya zama ma'aunin ɗayan, tunda jini ɗaya ne, abinci ɗaya, wanka ɗaya. Da yamma ake shafawa, don rana na kashe maganin, kuma da safar hannu, sabuwa ga kowane ɓangare. Mace mai juna biyu kuwa ko murfin ba ta taɓawa, don irin wannan magani yana iya cutar da abin da ke ciki. Wannan sai na maimaita shi har muryata ta dushe.

Ki ga ɗakin jiranmu ranar awo, kamar gidan biki. Yawancin iyayen nan kowace a da ta ɗauka ɗanta kaɗai ne a duniya da wannan fata. Yanzu ga su jere a benci, ana musayar lambar waya, ana ba juna sirrin sabulu. Akwai wata tela, doguwa mai murya, kullum tef ɗin awo na rataye a wuyanta kamar an kira ta aiki. Ba wanda ya naɗa ta, amma ita ce shugabarsu. Ita ke tsara layi, ita ke rarrashin yaran da ke tsoron allura, har ni tana yi wa faɗa in na makara. 'Yarta sa'ar Kurciya ce, ga shiru-shiru irin nata.

Makonnin farko sai ƙorafi. Hannu ya yi ja, yana raɗaɗi, yana saɓa. Mun riga mun gaya musu haka irin maganin yake fara gaisuwa. To, a awon da ya wuce, 'yar telar nan ta ɗora hannuwanta a kan tebur don a ɗauki hoto. Na hagu yana nan yadda muka san shi. Na dama kuwa, Yaya, daga wuyan hannu zuwa gwiwa fata ce, fata irin tawa da taki. Yarinyar ta riƙa lanƙwasa gwiwar hannun tana miƙewa, tana jiran inda zai tsage, bai tsage ba. An hana mu nuna komai a fuska gaban masu gwaji, don haka na sunkuya kamar biro na ne ya faɗi, na daɗe a ƙarƙashin teburin ina nemansa.

Ba ita kaɗai ba ce. Na ga irin haka a wajen wasu yaran. Likita ta ce in riƙe bakina, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Na riƙe a can, amma ke dole in gaya miki, in ba haka ba fashewa zan yi.

Ki ba ni amsa ko da layi biyu ne, ko da faɗa ne.

Taki har kullum,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Shirunki ya isar mini da saƙo, na kuma karɓa. Daga bakin Baban Kurciya na ji cewa ta ce ba za ta koma makaranta ba in an buɗe, saboda wata yarinya ta goge kujera da hankici bayan ta tashi. Ban ci abinci ba ranar. Ki rungume mini ita.

Ni ma nan murna ta koma ciki. Abin da ya faru da farko ma daɗi ya yi mini, don wautata. Ana ta awo sai muka ga ɗaya hannun ma ya fara gyaruwa. Kafin a kai ƙarshen gwajin, yawancin yaran hannuwansu biyu sun yi sumul. Iyaye na ta sa mana albarka, wata ma ta kawo mana kwandon lemo. Ni ina ta washe baki, sai na lura Farfesa ya daina cire tabarau.

Mai lissafinmu ne ya fayyace mini. In hannun da aka shafa wa magani da wanda aka shafa wa mai zalla duk sun warke daidai, to a takarda maganin bai yi komai ba, man ne da kulawar iyaye suka yi aikin. Ko kuma, abin da ya fi muni, maganin ya ratsa cikin jini ya zagaya ya kai ɗaya hannun, abin da muka yi shekaru muna gudu. Sakamakon jinin bai nuna haka ba, amma kamfanin da ke ɗaukar nauyin aikin ba ya son jin wataƙila. Sun ce a tattara komai a kawo musu, kuma kowa ya san ma'anar hakan. Rufewa za su yi.

Na auna bututun da aka dawo da su a sikeli, ko zan ga wani abu. Duk an matse su ƙaf, dama da hagu. Na koma kan haɗin, ko ni ce na yi kuskure na zuba magani a duka biyun. Ban yi ba. Na san abin da idona ya gani a kan teburin nan, amma ido ba hujja ba ne a wurinmu.

Na hana ki bututu ɗaya na ce ki jira kowa ya samu, ga shi yanzu kowan ma ba zai samu ba. Ban san da wane ido zan kalle ki ba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya da amsarki. Layi uku ne, biyu faɗa, amma na sa ta ƙarƙashin matashi. Yaya yara? Yaya Kurciya, ta fara fitowa tsakar gida kuwa?

Yaya, an gano! Wallahi ban san ko dariya zan fara yi miki ko kuka ba.

Ranar awon ƙarshe, ina tattara kaya a ɗan ɗakin da nake rabon man, sai ga tela ta shigo ta turo ƙofa. Ta rage murya, wai tunda an gama, in taimaka mata da ko bututu biyu ne ta ajiye, amma na dama kawai, na hagun ba sai na wahalar da kaina ba. Na ce me ya sa na dama? Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake sa zare a allura. Ta ce ai shi ne maganin, na hagun man banza ne, amma yana da kyau ga faso.

Na zaunar da ita, na lallaɓa, ta kwashe komai ta gaya mini, ko a jikinta, don ita a ganinta ba ta yi laifi ba. Tun da ta ga hannun da ya yi ja ya saɓa shi ne ya dawo sumul, ta gane inda maganin yake. Ta yi haƙuri kwana biyu, sannan ta fara shafa shi a hannu biyun, tunda mun ba su da yawa. A ɗakin jira kuma ta koya wa sauran: kowace ta duba wane bututu ne ke sa raɗaɗi, shi ne na gaske. Ɗayan kuwa, tunda ba a zubar da abu mai kyau, suka riƙa shafa wa dugadugansu da shi. Shi ya sa sikelina bai ga komai ba. Na leƙa ƙafarta a cikin silifa, dugadugan nan kamar na jariri.

Raina ya ɓaci, Yaya, ɓacin da ban taɓa yi a wurin aiki ba. Na ce mata ta san abin da ta rusa kuwa? Na ce ta sa hannu a takarda, na yi mata bayani da bakina, akwai yara a wasu gidajen da ke jiran maganin nan, ta mayar da su baya. Ta bari har na gama. Sannan ta ce, "Malama, hannuwan nan biyu duk ni na haife su. Yarinya ta miƙo mini na hagun da daddare ta ce shi ma yana so. Wanne kike so in ce mata ba nawa ba ne?"

Har yanzu ina jin haushinta, don abin da ta cinye ba kaɗan ba ne, kusan shekara ce, kuma shekarar Kurciya ce. Amma na tambayi kaina, da ke aka ba wa bututun nan biyu fa? Na san hannunki, Yaya. Ko kwana biyun da ta yi ba za ki yi ba. Mun zauna mu da takardunmu mun tsara gwaji mai kyau, mun yi tunanin haske da zafi da safar hannu, ba wanda ya yi tunanin cewa uwa ce za ta riƙa shafawa, kuma mun tara su a benci ɗaya.

Na ruga ofishin Farfesa ko sallama ban yi da kyau ba. Ya saurare ni, sai kawai ya fashe da dariya har yana tari. Sakatarensa ya leƙo a tsorace, don bai taɓa jin wannan sautin ba. Da ya natsu ya ce dariya ba za ta ceci aikin ba, gwajin dai ya lalace, sai mu ga abin da za a iya tsinta.

Mun tsinci abu uku. Hotunan makonnin farko, kafin tela ta buɗe makarantarta, sun nuna bambanci ƙarara, kuma da aka buɗe sirrin bututun, hannun da ya fara gyaruwa shi ne mai magani kusan a kowane yaro. Na biyu, iyayen da kansu. Tela ta tattaro su, ita da ta ɓata ita ta gyara layi, suka zo gaban kwamiti ɗaya bayan ɗaya kowace ta faɗi lokacin da ta fara haɗawa. Na uku, 'yan tsirarun da suka bi doka har ƙarshe. Cikinsu akwai wani tsohon soja, shi ke shafa wa ɗansa saboda matarsa na da juna biyu. Matan sun yi ta zuga shi, ya ce shi umarni aka ba shi. Ɗansa ya tsaya gaban kwamiti, hannu ɗaya sumul, ɗaya kamar ɓawon itace. Uban ya ce a rubuta, ya bi umarni, amma bai taɓa yin aikin da ya ƙi jini irin wannan ba, kuma kada a sake sa wani uba ya yi shi.

Ba a yanke hukunci ba tukuna, amma wakilin kamfanin da ya zo da niyyar rufewa ya nemi a ba shi hotunan ya tafi da su. Ni dai tun ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Maganin yana aiki, Yaya. Ba mafarki na yi a ƙarƙashin tebur ba.

Ki gaida Baban Kurciya, ki ce na gode da kiran da yake yi a ɓoye.

Taki,
Auta


Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kowa lafiya, manya da yara. Wannan wasiƙar ki karanta ta tare da Baban Kurciya, in kun gama shawara ku kira ta ku karanta mata, don da ita ake maganar.

An amince. Za a sake gwajin, kuma an canza tsari. Yanzu kowane yaro bututu iri ɗaya za a ba shi na duk jiki, ba dama ba hagu. Rabin yaran za su sami mai magani, rabi mai zalla, na wata uku, kuma na zallan an sa masa wani abu mara cutarwa da zai ɗan yi tsikari, don kada raɗaɗi ya sake tona mana asiri. Bayan wata ukun kowa da kowa za a ba shi na gasken, ana ci gaba da duba shi. Kowane gida da lokacin zuwansa daban, an ɗauke bencin. Yaran gwajin farko kuma za a ci gaba da ba su maganin ƙarƙashin kulawar Likita, har da ɗan sojan, hannu biyu.

Da aka gama taron kowa na murna, ni kuma na zauna ina lissafi. In komai ya tafi daidai, kafin man nan ya kai kantin magani sai an yi wasu gwaje-gwajen, an cike sharuɗɗa, shekaru ne ba kaɗan ba. Kurciya za ta gama zama budurwa a cikin ɗaki tana jira. Hanya ɗaya ce za ta same shi bana, ita ce ta shiga gwajin, kuma abu ɗaya ne ya tare ƙofar, ni.

Washegari na je na sami Farfesa na ce a cire ni daga aikin gaba ɗaya. Ya ce in je in yi tunani. Na ce na yi. Ya ce na san cewa ba zan ƙara taɓa haɗin ba, ba zan ga sakamako ba sai ranar da kowa ya gani, kuma rahoton da za a riƙa ambata nan gaba ba zai ɗauki sunana ba? Ya ce irin wannan dama sau ɗaya take zuwa wa mutum, shi ya kusa ritaya bai ga ta biyu ba. Na ce na sani. Ba zan yi miki ƙarya ba, da na miƙa katin shiga ɓangaren na fito, sai da na zauna a matakala na ɗan jima. Ina son aikin nan, Yaya, ina son sa ƙwarai. An mayar da ni wani bene, ina haɗa man ƙurajen fuska na samari, ni da wasu yara biyu da ke kirana Anti.

Kada ki ce komai a kan wannan, kada ki yi mini kuka a waya, an riga an gama. Kwamiti ya duba ya ce tunda na fita, ba abin da ya hana ta. Likita ta ga hotunan da Baban Kurciya ya turo, ta ce irin ciwon ne, ta ajiye mata gurbi. Saura a duba jininta, sannan a tambaye ku, a tambaye ta ita ma, don in ta ce ba ta so ba mai tilasta mata.

Ga abin da nake roƙonki. Wataƙila na zallan za ta samu a wata ukun farko. Ban sani ba, ba kuma zan sani ba, kada ki tsare ni da ido a kan tabarma kina neman amsa a fuskata. Ki shafa abin da aka ba ki, yadda aka ce, daidai adadin da aka ce. Kada ki nemi lambar kowa, kada ki karɓi bututun kowa, kada ki ba kowa naki, ko da wa ya roƙe ki, ko da ya yi kuka. Akwai yara da yawa a bayanta, kuma wannan karon in ya lalace ba za a sake ba mu wani ba.

Ku zo farkon wata, na gyara muku ɗakin baƙi. Zan raka ku har bakin ƙofar asibitin, daga nan sai dai ku shiga ku kaɗai, ni a waje zan jira. Likita ta ce a zo da ita cikin riga mai gajeren hannu saboda hoto. Na san ba ta taɓa mallakar irinta ba, don haka na shiga kasuwa jiya. Na rasa wadda zan zaɓa, na sayo uku.

Sai kun iso. Allah Ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarki,
Auta